Ɓarawon Intanet a Gidan Fosmasta

Ƙarfe sha ɗaya na safe Sufeto ya tsoma burodi a shayi. Bai kai baki ba hayaniya ta kaure a kantar ofishin 'yan sanda.

Ya fito da kofin a hannu. Wani dattijo ne dogo siriri, rigarsa ta sha guga, biro huɗu jere a aljihun gaba. Da hannun dama ya riƙe wuyan rigar wani gajeren mutum mai tef ɗin awo a wuya. A hannun hagu kuma ƙaton almakashi ne.

"Baba, ajiye almakashin nan tukuna," in ji Sufeto.

"Shaida ce. A hukumance na ƙwace ta."

"Almakashina ne, Yallaɓai!" in ji gajeren. "Ina tsakiyar yanka wandon mutane ya shigo ya fizge. Yanzu haka wandon ƙafa ɗaya gare shi."

Sufeto ya san dattijon. Shekara talatin da biyar ya yi a gidan waya, ya fara da raba wasiƙa a kan keke, ya gama a kujerar shugaba. Shekararsa shida da ritaya, amma har yau Fosmasta ake ce masa. Gajeren kuwa Tela ne, shagonsa na jingine da katangar gidan Fosmasta.

"Me ya sace?"

"Intanet," in ji Fosmasta. "Jiya da safe yana nan cike a kwamfutar gidana. Da yamma aka duba, ko ɗigo babu. Bango ɗaya ne tsakaninmu. Ya zuƙe."

"Da me ya zuƙa?"

"Wannan kuma aikinku ne."

Sufeto yana shirin ba su haƙuri ya koma wa shayinsa, sai wata budurwa ta shigo tana haki, idanunta jawur. Autar Fosmasta ce.

"Yallaɓai, don Allah ku bar maganar almakashi," ta ce. "Ƙarfe huɗu na yau ina da jarrabawar ɗaukar aiki ta intanet. Shekara uku ina nema, wannan ne karo na farko da aka kira ni. Sun sa mini manhajarsu a kwamfutar gida, sun ce a kanta kaɗai za a yi. In huɗu ta yi ban shiga ba, sun cire sunana."

"Ba ku kira mai gyara ba?"

"Ya ce sai ya wanke kwamfutar tas. In ya wanke, manhajar ta bi ruwa."

Sufeto ya dubi shayinsa, ya dubi agogon bango. Shi dai da yatsa ɗaya yake buga rahoto, kuma in kwamfutar ofis ta yi gardama marin ta yake yi. Amma yana da Kofur. Mace ce mai 'ya'ya uku, ta yi shekara shida a shagon gyaran kwamfuta kafin ta sa kaki.

"Kofur, ɗauko jakarki. Baba, saki wuyan mutumin nan, ba inda za shi."

A mota Sufeto ya fara da Tela.

"Ka san lambar sirrin wayifai ɗin gidansu?"

"Ni? Yallaɓai, ni da intanet sai dai gaisuwa daga nesa. Wayar nan wata biyu ba ta ga data ba. Agogo kawai nake dubawa a ciki."

Motar ta tsaya a ƙofar gidan. Tela ya sauke ƙafa ɗaya ke nan, aljihunsa ya ce ƙiling. Ya ƙara cewa ƙiling. Sai kuma ƙiling, ƙiling, ƙiling, kamar an zubar da cokula.

Kowa ya kalli aljihun.

"Agogon naka akwai surutu," in ji Sufeto.

"Na faɗa muku!" Fosmasta ya ɗaga almakashi sama. "A rubuta!"

Falon gidan tsaf yake. Kwamfutar na kan teburi kusa da taga, an lulluɓe ta da farin ƙyalle. Rauta, ɗan akwatin da ke raba intanet ɗin, yana kan kabad, fitilunsa kore shar. Matar gidan, wadda kowa ke kira Mama, tana tsaye da hannu a ƙugu.

Kofur ta karɓi lambar sirri daga Auta, ta duba ta wayarta.

"Yallaɓai, ban da tawa, na'ura biyar ke kan layin nan. Wayar Baba, wayar Mama, wayar Auta, kwamfuta, da wata waya mai suna Ɗinki Sai Mu."

Tela ya sunkuyar da kai. "Ba sata na yi ba. Ba ni aka yi."

"Wa ya ba ka?"

Tela ya kalli silin. Mama ma ta kalli silin.

"Mama?" in ji Sufeto.

"To, sai me? Labulen falon nan wa ya kafe mini bakinsa? Zif ɗin jakata wa ya sa? Mutum ya ce yana son kallon sababbin yayi, sai in hana shi iska? Ai iska ce."

"Iskata ce!" in ji Fosmasta. "A ɗaure shi."

"Ba za a ɗaure shi ba, Baba," in ji Kofur. "Duba wayarka. Intanet na nan?"

Ya duba. Yana nan.

"Ta Mama ma yana nan. Rauta lafiyarsa ƙalau. Ko unguwar nan duka ta hau, sai dai ya yi nauyi, ba zai ɗauke a kwamfuta ita kaɗai ba. Ɓarawon ba ta katanga ya shigo ba. Yana cikin kwamfutar."

Sufeto ya zagaya ya leƙa bayan kwamfutar. Bai ga kowa ba. Ya gyara hularsa kamar dama ƙura yake dubawa.

Kofur ta yaye ƙyallen ta kunna. Ta yi 'yan latse-latse, ta kira su.

"Baba, da harshenka zan yi maka bayani. A ce duk wasiƙar da ta fita daga gidan nan kai tsaye take zuwa gidan waya. Sai wani ya zo ya canza umarni, ya ce kowace wasiƙa sai ta fara biyawa ta gidansa, ya buɗe ya karanta. To, gidan nasa yanzu an rufe shi. Wasiƙa ta fita, ta tarar da ƙofa a kulle, ta dawo."

"Wannan ai babban laifi ne," in ji Fosmasta, muryarsa ta ɗan yi ƙasa.

"Ƙwayar cuta ce, bairos. Ga inda ta rubuta adireshin nata." Kofur ta goge adireshin, ta kashe kwamfutar ta kunna. Adireshin ya dawo daram. "Kun gani? Tana nan da ranta. Ina gogewa tana mayarwa."

"Ba ta da mai gadi ne?" in ji Sufeto. Wannan kalmar kaɗai ya riƙe daga wani kwas da aka tura su.

"Tana da shi, manhajar tsaro. Amma an kashe shi jiya, ƙarfe goma da minti arba'in na safe. Kuma da hannu aka kashe. Sau uku yana tambaya ko an tabbata, sau uku ana ce masa eh."

Kofur ta sauke manhajar wankin cuta a wayarta, ta tura wa kwamfutar ta igiya, ta sa ta bincike. Wani ɗan layi kore ya fito, a ƙasansa an rubuta saura awa biyar.

Auta ta dubi agogo. Ƙarfe ɗaya da rabi. Ta zauna a hannun kujera ta rufe fuska.

"Babu gajeriyar hanya?" in ji Sufeto.

"Akwai. In na san sunan abin da aka buɗe, minti ashirin ya ishe ni. Amma ya goge sawunsa. Sai wanda ya buɗe shi ne zai faɗa."

Sufeto ya cire littafinsa. Yanzu an zo inda ya iya.

"Jiya ƙarfe goma da arba'in. Auta, kina ina?"

"Ɗakin karatu. Tun takwas na fita, sai biyar na dawo."

"Mama?"

"Kasuwa. Kuma ni ban taɓa taɓa abin nan ba tunda aka kawo shi."

"Wa ke lulluɓe shi da ƙyalle?"

"Lulluɓi ai ba taɓawa ba ne."

"Wa ke goge shi?"

"Gugar ƙura ce kawai."

"Dutsen gugan nan da ke ƙarƙashin teburi, a wane soket ake sa shi?"

Mama ta gyara ɗankwali. "Sau biyu ne kacal na cire wayarta. Ko uku. Amma jiya ban yi guga ba, tambayi rigarsa, ta shekaranjiya ce."

"Cire waya ba ya kawo cuta," in ji Kofur ba tare da ta ɗago ba.

"Tela?"

"Ina shago, Yallaɓai. Mutum uku suna zaune suna zagina a kan kayansu. Zan iya kawo su su maimaita."

"Baba?"

"Barci nake."

"Da goma na safe?"

"Ritaya ke nan, ɗana. Ni ban san ma inda ake kunna ta ba. Auta ta hana ni zuwa kusa, ni kuma mutum ne mai bin doka."

Mama ta yi wani ɗan tari.

Kofur ta buɗe akwatin imel ɗin Auta, wanda ke ajiye a kwamfutar ko babu intanet. Ta ɗan tsaya.

"Auta, kina duba akwatin tarkace? Inda saƙonnin banza ke faɗawa?"

"Ban taɓa leƙa shi ba."

"To, saƙo ɗari huɗu da sha biyu ne a ciki. Babu ko ɗaya da ba a buɗe ba. Ni tunda nake ban taɓa ganin haka ba. Har masu tallan maganin sanƙo an buɗe. Wasu ma an ba su amsa."

"Me aka ce musu?"

Kofur ta karanta. "Saƙonku ya iso, mun gode. Mai adireshin nan mace ce kuma gashinta lafiya lau. A gyara adireshi."

Tela ya fashe da dariya, ya toshe baki da tef ɗin awo.

Sufeto bai yi dariya ba. Ya matso teburin, ya ɗauki maus ɗin, ɗan abin da ake turawa da hannu, ya kai shi kusa da taga. A gefensa, daidai inda babban yatsa ke zama, akwai dabbaren shuɗiyar tawada.

"Mama, jiya kin goge wannan?"

"Da sassafe. Fes na bar shi."

"Yau fa?"

"Yau wa ya samu kansa?"

Sufeto ya shinshina tawadar. Ba ta biro ba ce. Ya san warin nan. Irinta ce a kan kantar ofishinsu, wadda ake dangwala hatimi a ciki.

Ya juya a hankali. Fosmasta na zaune a babbar kujera, hannayensa duka biyu a ƙarƙashin hammata. Mutumin da ya ja Tela tun daga unguwa har ofishin 'yan sanda, wanda ya yi ta safa da marwa a falo yana ba da umarni, tunda aka ambaci akwatin tarkace ya manne a kujerar nan bai ƙara motsi ba. Kuma ya fi ɗazu tsawo a zaune, kamar an ƙara wa matashin kujerar kauri.

"Baba, ɗan tashi in duba soket ɗin bayanka."

"Babu soket a nan."

"Ɗan tashi dai."

"Ƙafata ta yi sanyi. Likita ya ce in ta yi haka kar in motsa."

Ƙarfe uku da kwata. Sufeto ya ja Tela waje, ya raɗa masa wani abu a kunne, ya dawo shi kaɗai ya jingina da bango yana duba farcensa.

Can sai aka buga ƙofar gida da ƙarfi, aka kaɗa ƙararrawar keke.

"Wasiƙa! Akwai sa hannu!"

Kafin kowa ya ƙifta ido Fosmasta ya kai tsakiyar falo, biro a hannu, ya riga ya cire murfin. Ƙafar ta warke. Babban yatsansa na dama shuɗi ne har gindin farce.

Sufeto ya ɗaga matashin kujerar. Ga wani dogon littafi mai baƙin bango, ga hatimin kwanan wata, ga ɗan gwangwanin tawada.

Tela ya leƙo ta ƙofa riƙe da ƙararrawar keken wani mai jiran wando. "Na yi daidai, Yallaɓai?"

Sufeto ya buɗe littafin. An ja layi da rula. Lamba, kwanan wata, lokaci, mai aikowa, abin da aka yi. Kowane layi da hatiminsa. Rubutu kamar na inji. Ya wuce zuwa shafin ƙarshe ya karanta da ƙarfi.

"Lamba ta ɗari huɗu da sha biyu. Goma da minti talatin da takwas. Daga wani kamfanin aike. Sun ce an kawo ƙunshi ba a sami kowa ba, a buɗe takardar da ke maƙale a cike. Goma da arba'in, mai gadi ya tare hanyar saƙo. An yi masa gargaɗi sau uku. An dakatar da shi daga aiki."

"Malam!" in ji Mama. "Barcin ke nan?"

"Yallaɓai, sunan takardar," in ji Kofur. "Ya rubuta?"

"Har da ɗigo da ƙaramin layi."

Kofur ta fizge littafin. Ta kashe kwamfutar, ta tashe ta a yanayin da komai ke kwance sai abin da ya zama dole, don kada cutar ta farka. Ta buga sunan harafi bayan harafi. Ga shi nan kuwa, ya ɓuya a wani lungu da 'yan'uwansa biyu. Ta nuna wa manhajar wanki lungun kai tsaye.

Fosmasta ya koma kujera, wannan karon ya nutse.

"To, Baba," in ji Sufeto. "Muna ji."

"Shekara talatin da biyar," ya ce a hankali, "ban taɓa tashi daga aiki na bar wasiƙa a kan teburi ba. Ko ta wanda ya mutu ce, sai na nemo magajinsa. Rannan na zo wucewa, yarinyar nan ta bar abin a kunne, na ga an rubuta saƙo ɗari biyu da wani abu ba a buɗe ba. An zuba su a wani akwati wai tarkace. Wa ya yanke hukuncin tarkace ne? Wa ya sa hannu? Na kwana biyu abin na ci na. Sai na sayo littafi."

"Ƙunshin fa?"

"Ɗana, an ce an kawo kaya ba a sami kowa ba. Ni ina gida! A gidana za a ce an kawo kaya an koma da su? Wani ɗan akwati ja ya fito yana ce mini kar in buɗe. Ni zai koya wa aikin saƙo?"

"Da ka ga intanet ya ɗauke, ba ka yi zargin ƙunshin ba?"

Fosmasta ya dubi shuɗin yatsansa. "Na yi. Amma Tela ya fi kusa."

"Allah ya isa wandona," in ji Tela.

Auta ta matso. Ta ɗauki littafin daga kan teburi tana juya shafuka cikin haushi. Sai ta tsaya a wani layi. Ta karanta, ta sake karantawa.

"Baba, mene ne wannan? Lamba ta hamsin da bakwai."

Bai ɗago ba.

Ta karanta da kanta. "Gayyatar jarrabawar aiki. An jefa ta akwatin da ba nata ba. Saura kwana biyu wa'adin amsawa ya cika. An mayar da ita babban akwati. An kai wa mai ita." Ta dube shi. "Ni na ɗauka ranar ta iso. Ashe kwana tara ta yi a tarkace?"

"Sha ɗaya," in ji Fosmasta. "Duba hatimin."

Mama ta tafa hannu, ta girgiza kai.

Ƙarfe huɗu saura minti goma sha biyu Kofur ta goge adireshin ɓarawon a karo na biyu. Ta mayar da mai gadi bakin aikinsa. Ta kashe ta kunna. Mutum shida suka zuba wa kusurwar allon ido, har da Tela da ba a gayyata ba.

Adireshin bai dawo ba. Shafi ya buɗe.

"Zauna," in ji Kofur. "Manhajarki na nan ba abin da ya same ta. In kin gama, ki canza duk lambobin sirrinki, na imel da na komai. Kuma ki sa wa kwamfutar nan makulli."

"Na wayifai ma za a canza?" in ji Tela a raunane.

"Wannan tsakaninka da Mama ne."

Auta ta gyara mayafi, ta zauna, ta buga sunanta. Allon ya ce ta jira, za a fara nan da minti huɗu. Ta juyo.

"Baba."

"Na'am."

"Na gode. Kuma don Allah ka fita."

Sufeto ya dafa kafaɗar Fosmasta. "Baba, ka kawo ƙarar ƙarya, ka ƙwace kayan sana'ar mutum, ka kori mai gadi ba bisa ƙa'ida ba. Taho mu je."

"Ofis?"

"Shagon Tela. Za ka mayar masa da almakashi da hannunka, ka ba shi haƙuri a gaban masu wando. Sannan ka zauna a can har yarinyar nan ta gama. Yana da gwangwanin maɓallai da suka cakuɗe shekara goma, za ka ware masa su."

Idon Fosmasta ya ɗan yi haske. "Da girma ko da launi?"

"Duka."

Mama ta karɓe hatimin ta ƙulle a haɓar zaninta. Kofur ta riƙe littafin a matsayin shaida. Aka fita da Fosmasta, Tela a gaba yana ta shelar cewa an wanke shi.

A bakin ƙofa Sufeto ya ciro wayarsa don ya duba lokaci. Huɗu daidai. Ta taga suna jin ƙarar madannai, Auta ta fara.

Fosmasta ya tsaya cak. Idonsa na kan wayar Sufeto, a kan wani ɗan jan da'ira da ke saman hoton ambulan.

"Ɗana, wannan lambar ta mece ce?"

"Ba komai, Baba."

"Dubu biyu da ɗari tara da shida na gani. Duk ba ka buɗe ba?"

Hannunsa ya fara tafiya wajen aljihun biro.

Sufeto ya tura wayar can ƙasan aljihu, ya ɓalla maɓalli, ya ɗora hannu a kai.

"Mu je, Baba. Maɓallai na jira."